Gafakar Malam Sadiƙu

Shafi na 19

Masu cewa in Baffa ya kuskura ya taɓa takardun nan kun daina karantawa, ku yi haƙuri. Ya taɓa.

*

Tun daga bakin lungu Radiya ta jiyo ƙaurin takarda.

Ta dire daga keke tun bai gama tsayawa ba, ta rungume jakarta a ƙirji, ta faɗa cikin unguwar Kusfa tana haɗawa da gudu, hijabi na harɗe mata ƙafa. Ba a yi rabin awa ba da Gwaggo Asama'u, yayar mahaifinta, ta kira ta a waya tana raɗa:

"Ki zo yanzu-yanzu. Yaya Malam ya hura wuta, gafakar ubanki na gabansa."

Ta yi sallama a zaure, ba ta jira an amsa ba.

Yana zaune a kan buzunsa a ƙarƙashin rumfa. Baffa Labaran, wan Abbanta, malamin da rabin unguwar nan suka yi karatu a gabansa. Sabon kasko a gabansa, wuta na ci a ciki a hankali. A gefensa ga tsohuwar jakar fatar nan ta Abba, gafakar da ta fi shekara talatin, bakinta a buɗe. Wata biyar ke nan da rasuwar Abba, tun ranar bakwai aka kwaso littattafansa aka kawo wa babban wa ya adana, kamar yadda ake yi a gidan malamai.

Yau ya buɗe.

Ya ɗauki falle ɗaya, ya yi bisimilla, ya ɗora a wuta.

"Baffa!"

Bai ɗago ba.

"Haka ake shiga gidan mutane yanzu?"

Ta zube a gabansa, gwiwoyinta suka daki ƙasa.

"Baffa ina wuni. Baffa don girman Allah ka tsaya."

"Lafiya lau. Ya mutan gidan? Ya ƙarin haƙuri?"

Ya kai hannu zai ɗauko wata.

Gwaggo na can bakin madafa da tire a cinya, wai tsintar wake take. Ta ce, kamar da waken take magana, "Da ban yayyafa wa kiraren nan ruwa ba, da tuni an gama."

"Na sani, Asama'u," in ji Baffa. "Na ga hannunki."

Radiya ta leƙa kaskon. Toka baƙa, fallaye-fallaye, wasu har yanzu ana iya ganin inuwar rubutu a jikinsu. Rubutun Abba.

"Nawa ka sa?"

"Ban ƙirga ba."

"Baffa, ba ka san mene ne ba."

Sai a lokacin ya ɗago. Ya gyara tabarau, ya zaro wata takarda daga cikin tarin, ya miƙo ta saitin fuskarta. Gidaje-gidaje ne aka zana murabba'i, kowanne da lamba a ciki, an kewaye da ƙananan rubutun ajami.

"Mene ne wannan?"

"Taswira ce."

"Hatimi ne."

"Wallahi taswira ce, Baffa."

"Kada ki rantse a kan abin da ba ki iya karantawa." Ya ɗauko wata. "Saurara. 'In mutum ya jefa ya sami ƙasa da takwas, matar rijiya za ta kira shi da muryar uwarsa, zai tashi ya bi ta.' Wannan fa? Lissafin boko ne?"

Ya zazzage wani ɗan ƙunshi a tabarma. Wasu 'yan duwatsun roba suka gangaro, kamar 'ya'yan lido amma masu fuskoki da yawa, kowace fuska da lamba.

"Ga abin jifar. Ga hatimin. Ga sunayen aljannu shafi-shafi. Shekara hamsin ina hana mutane zuwa wurin masu duba, ashe a gidanmu ake rubuta littafinsa." Muryarsa ta ɗan sauka. "Ba sunana nake ji ba, Radiya. Shi nake ji. Yana kwance can, ba abin da zai iya gyarawa. Mu ne za mu rage masa."

"Wasa ne, Baffa."

"Hmm."

"Tatsuniya ce da ake yi da mutane da yawa. Mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, ya faɗi abin da zai yi. In abin mai wuya ne sai a jefa, lambar ta nuna ko ya iya ko bai iya ba. Shi ke nan fa. Matar rijiyar nan ni na kashe ta."

Gwaggo ta ɗago. "Ke?"

"Ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Da fitila na ƙone mata gashi."

Gwaggo ta fashe da dariya, ta yi maza ta toshe baki da gefen zani da Baffa ya waiwayo.

Radiya ta zuge jakarta. Ta fito da littattafai huɗu, ta jera su a tabarma. Siraran littattafai ne na Turanci, bangonsu ya koɗe, kowanne da zanen wata biyu a sama.

"Ga asalinsu. Wani malamin jami'a, baƙo, shi ya bar wa Abba su a kwali lokacin da yake aikin ɗaure littattafai a Samaru. Guda biyar ne, kowanne yana bayanin ƙasa ɗaya a wata duniya da babu ita. Garuruwanta, mutanenta, abin da suke ci, abin da suke tsoro. Abba ne ya mai da su Hausa, ya sa mata suna Duniyar Tagwayen Wata. Ya cire giyarsu ya sa fura, ya cire gumakansu gaba ɗaya. Nasa littattafan duk sun watse, aro da gara, ɗaya ne ya rage. Kamfanin da ya buga su ya rufe tun ba a haife ni ba."

Ta dafa na farko.

"Wannan a ƙarƙashin gadon Umma na same shi. Wannan a gwanjon littattafai na Sabon Gari, an danne shi da tsofaffin littattafan lissafi, sau tara ina komawa. Wannan fotokwafi ne, wani mutum a Jos ya aiko mini bayan na shekara ina roƙonsa a intanet. Wannan kuma Yaya Suhaib ne ya samo a can inda yake karatu, wurin wata tsohuwa da mijinta ya mutu ya bari. Shekara shida, Baffa."

"Shekara shida kina bin takardun bature."

"Abba nake bi."

Wutar ta yi 'yar ƙara.

"Na biyar babu shi," ta ce. "Kaɗan aka buga. Na tambayi mutane a ƙasa goma sha ɗaya, kowa nemansa yake. Abin da ya rage na ƙasa ta biyar a duk duniya, shi ne wannan da kake sawa a wuta."

"Kina tsammani ban san wasan ba ne?"

Ta dube shi.

"A zauren gidan nan ya fara tara abokansa suna jefe-jefe. Ni na fito na watsa su. A gaban mutane na ce masa caca ce, kuma ba za ta tsaya a caca ba. Shekara talatin ke nan." Ya nuna takardun da haɓa. "Ga inda ta kai shi. Da na Turanci ne kawai sai in ce shirme ne. Amma mutum ya zauna ya rubuta da harufan da ake rubuta sunan Allah, babu wasali, ƙanana kamar ƙwayar gero, ya ɓoye a gafaka? Wa yake ɓoye wa?"

"Mu."

"Ku?"

"Ni da Yaya Suhaib. In ya rubuta da boko muna satar karantawa, mu san abin da ke gaba. Rannan ya kama mu a bayan ƙyaure da littafin. Tun daga ranar ya koma ajami, ya cire wasali, ya ce in mun isa mu karanta."

Gwaggo ta girgiza kai. "Sadiƙu ke nan. Allah ya jiƙan rigima."

Baffa bai ce amin da ƙarfi ba, amma leɓensa ya motsa. Ya kai hannu kan tarin.

Radiya ta ɗora nata hannun a kai kafin nasa ya isa. Ba ta taɓa yi masa haka ba. Ita kanta sai da ta tsorata.

"Ɗauke hannunki."

"Falle ɗaya, Baffa."

"Radiya."

"Ka karanta mini falle ɗaya tak, sannan ka yi yadda ka ga dama. Na kai hoton rubutunsa wurin malamai biyu, sun ce ba sa iya fitar da shi. Kai kaɗai ne. Hannu ɗaya ya koya muku rubutu."

Hawayen da take riƙewa tun daga gidansu a Tudun Jukun suka ƙwace.

"Duk Alhamis bayan la'asar muke yi. Shekara bakwai muna tafiya a cikin duniyar nan, ni da Yaya Suhaib, Abba na ba da labari. Ni ce Sailuba mai fitila. Muka ƙetare ƙasa huɗu. Ranar da muka iso bakin ta biyar, gaban wata ƙofa, Ƙofar Tagulla, sai Abba ya rufe gafaka ya ce ba yau ba. Alhamis ta zagayo, ya ce ba yau ba. Ina 'yar sha shida a lokacin. Yanzu ina da ashirin da bakwai, Baffa. Har ciwo ya ɗauke masa magana ina tambayarsa. Ranar da na yi masa tambayar ƙarshe a asibiti, sai ya kama yatsana ya matse, yana kallon ƙofa."

Ta share fuska da hijabi.

"Shekara goma sha ɗaya ina tsaye a bakin ƙofar nan da fitila a hannu. Ina so in ji abin da ya rubuta mini a bayanta. Shi ke nan abin da nake so."

Gwaggo ta dakata da tsintar wake. "Yaya Malam, falle ɗaya ai ba zai hana wuta ci ba."

Ya daɗe yana kallon kaskon.

"Ɗaya," ya ce. "In na gama ta bi 'yan'uwanta."

Radiya ta shiga ɗaga takardun da sauri. Ba ta iya karanta ko kalma, amma ta san zanen Abba. Can wajen ƙasa ta gan ta: takarda babba da aka ninka biyu, a samanta an zana ƙofa da wata biyu, a ƙasa gidaje-gidaje masu lamba.

"Wannan."

Ya karɓa, ya karkata ta wajen haske, ya yi gyaran murya irin ta mai shirin kama ɗalibi da kuskure.

"'Bayanin ƙasa ta biyar. Abin da mai shiga zai tarar.' To. 'Gida na ɗaya: soro mai ƙofa biyu. Ta hagu ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da ƙafa.'" Ya taɓe baki. "'Na biyu: rijiya mai bakin dutse, ya tsage ta gabas, an cusa tsumma a tsagar don kada guga ya yanke.'"

Ya ɗan tsaya. Ya ci gaba, amma ba da waccan muryar ba.

"'Na uku: tsamiya. Reshenta ɗaya ya tsallake katanga ya leƙa marina, in ka hau kana ganin masu rini har gwiwar hannu a cikin baba.'"

Gwaggo ta miƙe tsaye. Wake ya zube a ƙasa, ba ta ko duba ba, ta matso ta leƙa takardar.

"Yaya Malam..."

"'Na huɗu: ɗakin tsohuwa mai daddawa. Kullum da safe takan ajiye ƙanzo biyu a ƙarƙashin faifai, babba na babban ɗanta, ƙarami na ƙaramin. Babban yakan gutsiri nasa kaɗan ya ce ya ƙoshi, ya tura wa...'"

Muryar ta tsaya.

"Gidanmu ne," in ji Gwaggo. Ta dafe ƙirji. "Wallahi gidanmu ne na bayan marina. Ɗakin Inna ne. Yaya, duba, ga rumbu nan, ga inda akuya ke kwana!"

Radiya ta kalli wannan ta kalli wancan. Ta san labarin gidan, ba ta taɓa ganinsa ba. Ruwan sama ya rushe shi a shekarar da kakarta ta rasu, yanzu shagunan bulo ne a wurin.

Baffa ya cire tabarau, ya goge da bakin rawani, ya mayar. Yatsansa na bin layukan da ɗazu ya kira hatimi, yana tsayawa a kowane gida kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa.

"Ya manta da makewayi," ya ce a hankali. "A nan yake, bayan rumbu."

"Bai manta ba," in ji Gwaggo tana kuka tana dariya. "Tsoronsa yake ji. Har ya girma sai ka raka shi."

"Akwai rubutu a gefe, Baffa," Radiya ta ce.

Ya karanta, ba tare da an roƙe shi ba.

"'Littafi na biyar gara ta cinye shi ban kai shafi na goma ba. Na nema ban samu ba. Sai na ce tunda tasu ƙasar ta ɓace, bari in sa wadda ta ɓace mini.'"

Shekara shida Radiya tana neman ƙasar da wani bature ya ƙirƙira, ashe ƙasar ba ta taɓa shiga gafakar nan ba. Ta ɗauka za ta ji haushi. Sai ta ji kawai tana son ganin Abba, ko na minti ɗaya, zaune da ƙafa a miƙe yana sosa gemu da bayan biro.

Falle ɗaya aka ce. Baffa ya juya bayan takardar da kansa.

"'Mai tsaron Ƙofar Tagulla. Dogon mutum ne, ba ya dariya a gaban mutane. Yana ɗingisa ƙafar hagu tun ranar da ya faɗo daga tsamiya wajen sauko da ƙanensa da ya hau ya kasa sauka. Bai taɓa gaya wa uwarsu dalili ba, ya ce santsi ne.'"

Ba wanda ya kalli ƙafar Baffa. Shi ne ya janye ta ya tura ƙarƙashin riga.

"'Ba mai buɗe ƙofar nan sai shi. Ban yarda kowa ya tsaya a madadinsa ba, ko ni. In Yaya bai zo ba, labari ya tsaya a nan.'"



Daga bayan katanga ana jin wata mata na kiran 'yarta ta kwashe shanya, hadari ya taso. Wutar kaskon ta fara lafawa, ba wanda ya ƙara mata kara.

"Shi ya sa," Radiya ta ce, muryarta ba ta fita sosai. "Ba mantawa ya yi ba. Ba gajiya ya yi ba. Kai yake jira."

Baffa bai musa ba.

"Ya zo," ya ce.

"Yaushe?"

"Wata Alhamis. Da gafakar nan a hammata. Ina cikin ɗalibai, ya jira har suka watse. Ya ce Yaya, minti goma kawai, yara na jira a gida. Ya sake zuwa wata Alhamis ɗin. Ta uku na ce masa in ya ƙara kawo mini maganar nan zan daina amsa sallamarsa."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce to, Yaya. Ya ɗauki takalmansa a hannu, sai da ya fita zaure ya sa." Ya kalli takardar. "Bai ce mini gida ne a ciki ba. Me ya sa bai ce mini gida ne ba?"

"Ka bar shi ya kai nan a magana?" in ji Gwaggo.

Radiya ta so ta yi ihu. Alhamis nawa ke cikin shekara goma sha ɗaya? Ta tuna yadda Abba kan sa a shimfiɗa tabarma babba ranar Alhamis, ya ajiye matashi guda a gefen dama, ya hana kowa zama a wurin. Suna tsokanarsa wai na aljani ne. Ta buɗe baki za ta faɗa wa Baffa wannan, don ya ji irin abin da take ji. Sai ta ga hannunsa na rawa har takardar na kaɗawa. Ta mayar da maganar ciki.

"Da saura," ya ce. Ya matso da takardar kusa da ido. "'Na san Yaya ba zai taɓa abin jifa ba, kuma ba zan sa shi ba. Shi ƙuri'a zai ja, wadda shi da kansa ya karantar da ni halaccinta. A duba ƙaramin aljihun gafaka.'"

Radiya ta jawo gafakar ta zura hannu. Can ciki akwai wani aljihu da ba ta taɓa sanin da shi ba. Ta fito da ɗan gwangwanin alewa mai tsatsa, da wata takarda da aka ninke ƙanƙanuwa aka ɗinke bakinta da jan zare.

Ta buɗe gwangwanin. 'Ya'yan tsamiya ne, baƙaƙe, sun yi sheƙi don tsufa. A jikin kowanne an karce lamba da tsinin allura.

Gwaggo ta sa hannu ta shafa su. "Na tsamiyarmu ne. Ranar da za a sare ta na gan shi yana tsinta, na ce Sadiƙu kunu za ka dama?"

"'Guda ashirin ne,'" Baffa ya ci gaba. "'Yaya ya rufe ido ya ɗauki ɗaya. Na rubuta abin da ke bayan ƙofa iri biyu, na ɗinke kowanne. In lambar ta haura goma, a buɗe mai jan zare. In goma ce ko ƙasa, a buɗe mai baƙin zare. Wadda ba ta faɗo ba a ƙone ta, kada a buɗe, don mutum hanya ɗaya yake bi a duniya, ba ya sanin abin da ke ɗayar. Radiya, na san ki. Kada ki leƙa.'"

Dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar kuka. Kamar yana zaune a wurin.

Ta ɗaga mai jan zaren. "Ga ɗaya. Ina mai baƙin?"

Ta sake zura hannu a aljihun. Babu. Ta zazzage gafakar, ta ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya, ta duba ƙarƙashin tabarma.

"Gwaggo, ɗaga ƙafarki."

"Ba ta nan, 'yar nan."

"Baffa, ka ga wata mai baƙin zare?"

Kaskon yake kallo.

"Baffa?"

"A sama take da na buɗe," ya ce. "Na ga an ninke an ɗinke. Na ce laya ce." Ya rufe ido. "Ita na fara sawa."

Gwaggo ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Radiya ta ƙanƙame mai jan zaren a tafin hannu.

"To ai shi ke nan," ta ce da sauri. "Ɗaya ta rage, babu zaɓi. A buɗe wannan. Gwaggo, miƙo reza."

"A'a."

"Baffa!"

"Ba haka ya ce ba."

"Ai bai san za a ƙone ɗaya ba!"

"Ni na ƙone. Laifina ne, zan ɗauka." Ya miƙe zaune sosai, ya dawo Malam Labaran ɗin da unguwa ta sani, sai dai idanunsa sun yi ja. "Amma magana ce ya bari a rubuce, da sunana a ciki. Na saɓa masa yana raye, sau uku. Ba zan saɓa masa yana kwance ba. Zan ja. In ta haura goma, ni zan karanta miki da bakina, har ƙarshe, kuma ba wanda zai ƙara taɓa takardun nan."

"In ba ta haura ba fa?"

"Sai a yi yadda ya ce da wadda ba ta faɗo ba."

"Ka ƙone ta? Ita kaɗai ta rage!"

"Yaya Malam, ka ji tsoron Allah," in ji Gwaggo. "Ɗazu kana ƙonawa don ba ka yarda da shi ba, yanzu za ka ƙona don ka yarda da shi? Yarinyar nan fa?"

"Asama'u, kin san shi. In da yana nan, zai yarda a tsallake?"

Gwaggo ta kau da kai.

Radiya ma ta san amsar. Abba bai taɓa canza lamba ba. Ranar da jifa ta kashe dokin Yaya Suhaib a cikin labarin, Suhaib ya yi kwana biyu ba ya cin abinci, Abba ya zauna kusa da shi yana lallashi, amma bai dawo da dokin ba. Ya ce in ana gyara lamba, babu daɗin ranar da ta faɗo daidai.

Iska ta kaɗo, mai ƙanshin ruwa. Toka ta ɗan tashi daga kaskon. A masallacin bakin lungu ladan ya taɓa lasifika, ta yi ƙara.

Baffa ya miƙo hannu.

"Kawo."

Ta miƙa masa gwangwanin da hannu biyu. Ya girgiza shi sau ɗaya, 'ya'yan tsamiyar suka yi kacau-kacau. Ya kau da kai gefe, ya rufe ido. Leɓensa na motsi. Ba ta san ko addu'a yake ba ko da ƙanensa yake magana.

"Ga ni, Sadiƙu," ya ce a fili. "Na makara."

Ya zura yatsu biyu. Ya fito da ɗaya.

Ya kai ta gaban tabarau, ya matsar nesa, ya dawo da ita kusa, ya juya ta wajen haske.

"Zanen allura ne, ya shafe. Idona ba ya kamawa. Asama'u?"

"Ni da ko zare sai an zura mini?"

Ya juyo wurin Radiya. Ya kamo hannunta, ya buɗe tafin, ya ajiye mata ƙwayar a tsakiya, da ɗumin yatsunsa a jikinta.

"Ke ce mai fitila," ya ce. "Duba ki gaya mana."

Ta sunkuya.

Ba ta shafe ba. Ga ta nan raɗau, da hannun Abba, irin yadda yake ja wa lambar 'yar jela a ƙasa.

Huɗu.

A ɗaya hannun nata takardar mai jan zare ta jiƙe da gumi. Wutar kaskon ba ta mutu ba, garwashi na nan ja a ƙarƙashin toka. Gwaggo ta karanci amsar a fuskarta, tana girgiza mata kai a hankali, a hankali, alamar kada ta faɗa, yadda Baffa ba zai gani ba.

"Radiya," ya ce. "Nawa ne?"